Tambaya da Amsa: Haɗa kwamfuta da hannunka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato mutum ya sayi kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya ya haɗa abarsa da kansa, shi ya sa na tara su wuri guda. Wasu na ɗan rage musu tsawo, wanda kuma bai ga tasa ba ya yi haƙuri tana nan tafe in Allah ya so.

Tambaya: Slm Malam, ni ɗalibi ne kuma ina ɗan taɓa editin ɗin bidiyo, laftop ɗina ta gaji da na ɗora mata aiki mai nauyi sai ta tsaya cak, abokaina sun ce gara in haɗa desktof da kaina ya fi in sayi haɗaɗɗiya, to ni gsky ko buɗe cikin kwamfuta ban taɓa yi ba balle haɗawa, tsoro nake kar in sayi kaya in ƙona su. Don Allah me da me zan saya kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, haɗawar kanta ba ita ce mai wuya ba, kusan kowane abu a cikin kwamfuta ramin da aka yi masa shi kaɗai zai shiga, kuma ta fuska ɗaya. Inda mutane suke yin asara tun wajen saye ne, a sayo kaya masu kyau masu tsada amma basu dace da juna ba, a zo gida a zauna ana kallonsu. Don haka aikin naka da takarda da biro zai fara, ba da sukurdireba ba.

Ka riga ka faɗi aikin da zata yi maka, editin, kuma wannan shi ne abu na farko da nake tambayar kowa domin shi ke nuna inda kuɗi zai fi tafiya. Mai editin furosesa mai ƙarfi yake buƙata, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da RAM mai yawa, wato inda take riƙe aikin da take kai na ɗan lokaci, da wurin ajiya mai sauri, mai wasan gem kuwa katin girafiks mai sarrafa hoton allo ne zai cinye masa kaso mafi tsoka, mai aikin ofis da karatu ma ba sai ya sayi katin ba sam.

To ka fara zaɓen furosesa, kamfani biyu ne dai, Intel da AMD, kuma kar ka ɓata lokaci da musun wanne ya fi, kowanne yana da masu kyau. Abin da ya shafe ka shi ne soket, wato mazaunin da furosesan yake zama a kan madabod, babban farantin da ake soka sauran kaya a jikinsa. Kowane furosesa da nasa soket ɗin. Misali Ryzen 5 5600 a AM4 yake zama, Ryzen 5 7600 kuma a AM5 wanda AMD ta fito da shi a 2022, sunansu ya yi kama amma wlh ɗaya ba zai zauna a gurbin ɗaya ba ko zaka kwana kana gwadawa. A ɓangaren Intel ma haka, ƙarni na 12 da 13 da 14 duk LGA1700 ne, sababbin Core Ultra na tebur kuma sun koma LGA1851. Ka zaɓi furosesa, ka rubuta soket ɗinsa, sannan ka nemi madabod mai wannan soket ɗin, bayan haka ka shiga shafin kamfanin madabod ɗin ka duba jerin furosesocin da yake ɗauka ka ga naka a ciki da idonka, domin wani lokaci soket ya yi daidai amma sai an sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod mai tada kwamfuta, kafin ya gane sabon furosesa, kamar yadda ya faru da madabod masu B450 lokacin da Ryzen 5000 ya fito.

Shi madabod ɗin shi zai gaya maka RAM ɗin da zaka saya. DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, duk fil 288 gare su, amma ɗan tsagin da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya yake ba don haka basa shiga ramin juna. AM4 DDR4 ne, AM5 DDR5 ne kawai, LGA1700 shi ne mai rikita mutane saboda akwai madabod ɗinsa na DDR4 akwai na DDR5, sai ka karanta jikin kwalin da kyau. Don editin ni dai giga 32 nake ba da shawara, in ya yi nauyi ka fara da 16 ka ƙara daga baya, amma kar ka sauka ƙasa da haka.

Wurin ajiya kuma ka sayi SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, irin NVMe, ɗan siriri ne da ake kwantar da shi a kan madabod, ba ya buƙatar waya ko ɗaya. Wanda aka fi samu shi ne 2280, faɗi milimita 22 tsawo 80. SSD na SATA yana tsayawa wajen megabayit 550 a sakan, NVMe na PCIe 3.0 yana kai wajen 3,500, na 4.0 kuma wajen 7,000, kaga ai ba haɗi. Tsohon had disk mai juyawa har yanzu yana da amfani wajen jibge bidiyon da ka gama aiki da su, amma Windows da manhajojinka a kan SSD zasu zauna.

Saura akwatin, wato kes, da fawa saflai mai ba kayan wuta, da fankar da ke sanyaya furosesa. Madabod girma uku aka fi sani, ATX babba mai milimita 305 da 244, microATX mai 244 da 244, sai ƙaramin Mini-ITX mai 170 da 170. Babban kes yana ɗaukar ƙaramin madabod, ƙaramin kes ba ya ɗaukar babba, kuma ka duba tsawon katin girafiks da tsayin fankar furosesa ko zasu shiga, duk ana rubuta awon. Akwai shafin PCPartPicker da zaka jera kayan ya nuna maka in akwai waɗanda suka saɓa, yana taimakawa sosai, amma ka sake tabbatarwa a shafin kamfani kafin ka biya kuɗi.

Abu ɗaya da ba na so ya wuce ka, harafin da ke ƙarshen sunan furosesa. Na Intel mai F, kamar i5-12400F, ba shi da girafiks a cikinsa, in babu kati ba zaka ga komai a monita ba. Ryzen 5 5600 shi ma haka yake, 5600G ne mai girafiks a ciki. Ka riƙe wannan don zai sake fitowa a ƙasa.

Tambaya: Malam barka da aiki, kuɗina sun kusa ƙarewa a lissafi kuma ina son babban katin girafiks saboda gem, sai na ga wani fawa saflai mai araha an rubuta masa wat 700, sunan kamfanin ma ban taɓa ji ba amma ai wuta wuta ce ko? In saye shi in ƙara ragowar a kati?

Amsa: A'a ɗan'uwa, don Allah kar ka yi. In akwai wuri ɗaya a duk kwamfutar da ba na yarda a tsuke hannu to nan ne, kuma wannan maganar ina yinta da ƙarfi saboda shi kaɗai ne abin da in ya lalace yana iya tafiya da sauran. RAM in ya mutu shi kaɗai ya mutu, SSD ma haka, amma fawa saflai waya ce daga gare shi zuwa madabod, zuwa furosesa, zuwa wannan katin da kake ta tara wa kuɗi, in ya turo wutar da ta wuce ƙa'ida duk suna kan layi. Araha bata ado.

Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 masu tsabta marasa rawa, kuma mai kyau yana da kariya a ciki da zata kashe shi da kanta in wuta ta yi yawa ko waya ta haɗu ko ya ɗau zafi fiye da kima. Marasa suna a nan suke rage kuɗi, a inda ido ba ya gani. Sannan lambar da aka buga da manyan haruffa ba ita zaka kalla ba, ka juya gefensa akwai ɗan jadawali, ka duba wat nawa yake bayarwa a layin bolt 12, domin furosesa da kati duk daga nan suke sha. Mai kyau kusan duk ƙarfinsa a wannan layin yake, na bogi kuma zaka ga an rubuta 700 a gaba amma layin 12 ɗin bai kai ko kusa ba.

Kuma sau da yawa ma baka buƙatar 700 ɗin. Ɗauki RTX 3060, wat 170 yake ja, Nvidia kuma ta ce fawa saflai mai wat 550 ya isa duk kwamfutar. Kowane kati kamfaninsa yana faɗin abin da yake so, ka bi wannan ka ɗan ƙara sarari a sama. Wat 550 ko 650 na kamfanin kirki ya fi 700 na wanda ba a san shi ba nesa ba kusa ba. Tambarin 80 Plus da kake gani ma'anarsa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta, wato in kayanka suna cin wat 400 shi zai ja 500 daga bango, 100 ta tafi a zafi, matakansa na sama su Bronze da Gold sun fi haka tattali. Amma fa tattalin wuta yake aunawa ba inganci ba, don haka ka haɗa da duba tsawon garanti, masu kyau suna ba da shekara 5 har zuwa 10, kamfanin da ya yarda ya tsaya wa kayansa tsawon haka ya san abin da ya zuba a ciki.

Tunda muna kai bari in ƙara abu biyu. Irin wanda wayoyinsa ake cirewa a mayar, kar ka taɓa ɗauko wayar wani fawa saflai ka sa a wani ko da bakin ya shiga daidai, tsarin wayoyin ta ɓangaren fawa saflai ba ɗaya bane tsakanin kamfanoni, wani lokaci har a kamfani ɗaya, kuma haka ake ƙona SSD da kati cikin ƙiftawar ido. Na biyu kar ka kwance shi ka buɗe cikinsa ko a cire yake daga bango, akwai kafasito da ke riƙe wuta mai haɗari bayan an kashe. Shawarata ka sauko mataki ɗaya a kati ka sayi fawa saflai na gari, kati zaka iya canzawa nan gaba shi kuma yana nan yana maka aiki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, ɗana ya sayo kayan duka yana so mu haɗa tare, ni kuma na ce sai na tambaya tukuna. Wanne ake fara sawa, kuma gaskiya ne taɓa kayan da hannu yana kashe su?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma, kuma kun kyauta da kuka tsaya tambaya. Maganar taɓawa akwai gaskiya a ciki, wutar da ke taruwa a jikin mutum, irin wadda ke ɗan tsikararsa in ya taɓa ƙarfe lokacin da iska ta bushe, tana iya yi wa kayan illa. Maganinta mai sauƙi ne, ku riƙa taɓa ƙarfen kes ɗin kafin ku ɗauki kaya, ku kama su ta gefe kar ku taɓa wurin ruwan zinaren nan, ku yi aikin a kan tebur ba kan kafet ko katifa ba, kuma wayar wuta a cire take har a gama.

Ku fara a wajen kes. A ɗora madabod a kan kwalinsa, a buɗe littafinsa a ajiye kusa domin shi ne malamin wannan aikin. Furosesa ne farko, akwai ɗan alamar kusurwa uku a gefe ɗaya na jikinsa da irinta a soket, a daidaita su a ajiye shi a hankali, da kansa zai zauna, in bai zauna ba to ba daidai yake ba a ɗaga a sake dubawa, ba a danna shi ko kaɗan. A AM4 fil-fil ɗin a jikin furosesa suke, a AM5 da na Intel kuma a cikin soket suke, siraran gaske, in ɗaya ya lanƙwashe gyaransa sai an sha wuya, nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa a duk aikin. Shi ƙarfen da ake rufewa da shi yana da ɗan tauri, wannan ba komai.

Sai RAM, shi kuma akasin haka ne, yana son a danna shi da ƙarfi har a ji ƙas. Sai SSD a kwantar a ɗaure. Sai fankar furosesa, a duba ƙasanta in akwai leda a manne a ɓare ta, in kamfani ya riga ya shafa man nan mai launin toka da ke taimaka wa zafi ya wuce daga furosesa zuwa fanka to ya isa, in babu a ɗiga kaɗan a tsakiyar furosesa, a ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan kar a gama da ɗaya kafin sauran, a kuma soka wayarta a inda aka rubuta CPU_FAN.

Yanzu a koma kes. Akwai wasu ƴan ƙarafa da madabod yake hawa kansu don kar bayansa ya taɓa jikin kes, ku ƙirga su ku tabbatar kowanne yana daidai da rami a madabod, in akwai wanda ya yi rara a inda babu rami a cire shi don yana iya haɗa wuta. Ɗan farantin baya na wajen soke-soke in ba a manne ya zo ba a fara sa shi kafin madabod. Daga nan wayoyi, babbar mai fil 24, sai ta furosesa mai fil 8 a can sama, ita ce ke rabuwa 4 da 4, ta kati kuma tana rabuwa 6 da 2, sun yi kama amma ba ɗaya bane kuma yawanci an rubuta a jikinsu. Ƙananan wayoyin gaban kes na maɓallin kunnawa su ne masu cin rai saboda ƙanƙantarsu, a bar wa yaron ya bi zanen littafin da fitila. Katin girafiks shi ne ƙarshe, a ramin sama mafi kusa da furosesa. Kar ku rufe murfi ku ɗaure wayoyi sai kun kunna kun ga hoto. Allah ya sa albarka a aikin Baba.

Tambaya: Malam na haɗa komai yadda na gani a bidiyo, na kunna fankoki suna juyawa fitilu sun kama amma monita baƙi ƙirin tana cewa babu sigina, wlh har na yi kuka na ɗauka na ƙona wani abu. Ni mace ce kuma wannan ne karo na farko, a taimaka.

Amsa: Share hawayenki ƴar'uwa, tunda fankoki suna juyawa alamar tana da kyau, kuma galibin irin wannan ba ƙonewa bace. Ki fara leƙa bayan kes, wayar monita a ina kika soka ta? In kina da katin girafiks dole a jikin katin zata shiga, can ƙasa, ba a ramukan madabod na sama ba. In kuma baki da kati to ki duba sunan furosesanki, in irin marasa girafiks ne da na ambata a amsar farko to ramin HDMI na madabod ba zai ba ki komai ba sai kin sa kati. Ki duba ita monitar ma ko tana kan shigar da kika soka, HDMI ko DisplayPort.

In duk wannan daidai ne to RAM nake zargi kafin komai. Ki kashe, ki cire wuta daga bango, ki zare shi ki mayar ki danna sosai har maƙallin ya rufe da kansa, sau da yawa gefe ɗaya ne bai shiga ba kuma ido ba ya ganewa. Bai yi ba ki bar guda ɗaya kawai a ramin da littafin ya ce, ki gwada, ki canza da ɗayan. Sannan in DDR5 ne, musamman a AM5, kunnawar farko yana iya ɗaukar ƴan mintuna allo baƙi yana daidaita kansa da RAM ɗin, mutane da yawa suna kashewa a tsakiyar wannan su ɗauka ta lalace, ki ba ta kamar minti biyar kar ki taɓa komai.

Ki kuma tabbatar wayar furosesa mai fil 8 tana ciki, ana yawan mantawa da ita saboda a lungu take, haka wayar wutar kati. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take, wannan kaɗai zai rage miki rabin wahala. In har yanzu shiru ki cire ƙaramin batirin madabod mai kama da kwabo, CR2032, ki jira ƴan mintuna ki mayar don saitin BIOS ya koma na asali. Abin da zai rage bayan nan shi ne BIOS ɗin bai san furosesan ba, wasu madabod suna da maɓallin sabunta BIOS da filas a baya ko ba furosesa, littafin zai nuna miki. Abu ɗaya-ɗaya zaki riƙa canzawa kina gwadawa, in kika taɓa uku lokaci guda ko ta tashi ba zaki san wanne bane. Ki sake rubuto mana ki faɗi fitilar da ta tsaya in bata tashi ba.

Tambaya: Na sayi RAM an rubuta 3200 amma kwamfuta tana nuna 2133, an cuce ni ne? Kuma guda ɗaya mai giga 16 ko biyu masu 8-8 wanne ya fi?

Amsa: Ba a cuce ka ba malam, haka yake farawa a ƙaramin gudu har sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, wato saitin da ke sa RAM ya yi gudun da aka rubuta masa, a wasu madabod na AMD zaka ga DOCP ko EXPO, dannawa ɗaya ce ka adana ka fita. Biyu masu 8-8 sun fi, domin furosesa yana magana da su ta hanya biyu a lokaci guda, kamar titi mai hannu biyu maimakon ɗaya, kuma bambancin ya fi fitowa ga mai amfani da girafiks na cikin furosesa. Ka saye su a kwali ɗaya, in ramuka huɗu ne yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa ake sawa, A2 da B2.

Tambaya: Tawa ta tashi lafiya amma da na fara aiki furosesa yana kai digiri 95 fanka tana ihu, wani lokaci ta mutu da kanta. Ko in ƙara man nan da yawa?

Amsa: Yawan man ba shi bane magani ɗan'uwa, aikinsa kawai ya cike ƴan ramukan da ido ba ya gani tsakanin furosesa da ƙarfen fanka. Furosesocin yanzu in sun kai wajen digiri 95 zuwa 100 suna rage gudu da kansu don kare kai, kuma su Ryzen 7000 an yi su ne su riƙa kai 95 a aiki mai nauyi ba tare da matsala ba, amma mutuwa da kanta wannan ba daidai bane. Ka cire fankar ka duba ledar nan ta ƙasa, ka goge tsohon man da tsumma mai tsabta da sifirit, ka sa sabo kaɗan, ka ɗaure ko'ina daidai, in gefe ɗaya ya ɗage zafi zai tashi nan take. In na'urar sanyayawar taka irin mai ruwa ce ka tabbatar famfon yana aiki. Ka duba fankokin kes su ma, na gaba su jawo iska ciki na baya da na sama su fitar, kar duk su fuskanci juna, kuma kar ka cusa kes ɗin a lungun da iska bata zagayawa. Manhajar HWiNFO kyauta ce, zata nuna maka zafin kowane abu. In zafi ya sauka amma tana ci gaba da mutuwa in an ɗora nauyi to ka koma kan fawa saflai.

Tambaya: Malam ya halin sayen kayan hannu don rage kuɗi? Kuma wane Windows zan sa?

Amsa: Ana yi kuma yana rage nauyi sosai, amma ba kowane abu ba. Furosesa da RAM da kes suna daɗewa, in an gwada a gabanka sun tashi to ba laifi, RAM ɗin in ka je gida ka bar MemTest86, manhajar gwajin RAM, ya bi ta kansa. Katin girafiks ka sa a kunna shi a ɗora masa gem ko wani aiki mai nauyi na ɗan lokaci kana tsaye, ka kalli zafinsa, ka saurari fankokinsa, ka duba ko wasu ɗigo-ɗigo ko layuka suna fitowa a allo. Madabod ka haska cikin soket ɗin da fitila ka duba fil-fil ɗin ɗaya bayan ɗaya. SSD da had disk suna da iyakar rayuwa, manhajar CrystalDiskInfo zata nuna maka awa nawa suka yi suna aiki da lafiyar da ta rage, ni dai na fi son sabo a nan tunda aikinka ne zai zauna a kai. Fawa saflai kuwa sabo, ka ga dalili a sama.

Maganar Windows tana da alaƙa da wannan saye na hannu, shi ya sa na ji daɗi da ka haɗa su. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa, yana son tsare-tsaren tsaro biyu, TPM 2.0 da Secure Boot, furosesa kuma galibi daga Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Don haka in aka kawo maka i7 mai arha ka tambayi ƙarninsa, i7 na ƙarni na 4 sunan ne babba amma ya tsufa, i3 na ƙarni na 12 ya fi shi aiki. TPM ɗin ba sai ka sayi wani abu daban ba, ya riga ya zo a cikin kayan, a BIOS ake kunna shi, AMD suna kiransa fTPM Intel kuma PTT. Ka nemi filas mai giga 8 ko sama, ka sauke Windows daga shafin Microsoft kai tsaye, kar ka karɓi wanda aka yi wa kwaskwarima daga hannun wani don baka san me aka cusa a ciki ba. Bayan ka gama ka sauke direbobin madabod da na kati, wato manhajojin da ke sa Windows ya iya aiki da su, daga shafukan kamfanoninsu. In kuma kayan da ka samu sun tsufa Windows 11 ya ƙi hawa, Linux Mint ko Ubuntu suna maye gurbin Windows, kyauta ne kuma suna tafiya lafiya a kan tsofaffin kaya, kana iya gwada su daga filas ɗin ma kafin ka instol ka ga ko manhajojin da kake aiki da su suna nan.